Amsa kan hawan Dutsen Kwatarkwashi da sassafe

Ɗan'uwa, ka tambayi lokacin da ya fi dacewa ka hau Dutsen Kwatarkwashi, da ke kusa da Gusau a Jihar Zamfara, domin ɗaukar hoto. Ina ba ka shawarar ƙarshen damina, wajen watan Oktoba, lokacin da ciyawa take kore shar, ramukan dutse kuma suke riƙe da ruwan sama. Da hunturu hazo yakan dusashe komai. Ka fara hawa bayan sallar asuba, domin kafin iska ta motsa ruwan yakan kwanta lumui, har ka ga gajimare a cikinsa, idan ka durƙusa ka sauke kyamara kusa da bakinsa. Ka kiyayi gansakuka, tana da santsi. Kafin ka baro Gusau, ka tambayi mutanen garin halin tsaro, kuma ka nemi ɗan gari ya raka ka.