Hukuncin shayar da ɓeraye ruwan fulorayid don bincike

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a jami'a, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. Aikina na ƙarshe shi ne in riƙa ba fararen ɓeraye ruwa mai sinadarin fulorayid na tsawon watanni, sannan a kashe su a duba hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Abin da ya ja ni ga aikin, haƙoran wasu yaran garinmu duk sun yi dabbare-dabbare. Amma kakata ta ce alhaki nake kwasa. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kakarki ba ta yi laifi ba, tsoron haƙƙi ne ya sa ta magana.

Aikin ya halatta. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 29, shi ne ya halitta mana abin da ke cikin ƙasa gaba ɗaya. Ga kuma maslaha a fili. Fulorayid kaɗan yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a litar ruwan sha. In ya yi yawa shekara da shekaru, sai ya ɓata haƙora, daga baya ya kama ƙashi, gaɓoɓi su sandare. Masana kuma sun gani a jikin dabbobin gwaji cewa yawansa na dagula saƙon da ƙwayoyin halitta ke aika wa juna, har wasu ƙwayoyin su mutu tun lokacinsu bai yi ba. Wa zai yarda a tsaga hantar ɗansa don a gano wannan? Dole sai da dabba.

Wasu kan kafa hujja da hadisin Nana A'isha a Buhari da Muslim, wanda ya sa ɓera cikin mugayen dabbobi biyar da ake kashewa ko a Harami. Gaskiya ne, amma izinin kisa daban, azabtarwa daban. Ɓeran da ke ɓarna a rumbu ba ɗaya yake da wanda kika kulle a keji ba. Wannan a hannunki yake, hadisin da ya fi kusa da shi kuwa shi ne na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Saboda haka abincinsu da tsabtar kejinsu suna wuyanki, har ranar Juma'a da lokacin hutu. Kada ki ɗebo ɓeraye 60 alhali 30 sun wadatar. Ranar kisa a sa musu maganin barci tukuna, domin a hadisin Shaddadu ɗan Aus Annabi (SAW) ya umarce mu da kyautatawa ko a wajen kisa.

Jininsu da mushensu najasa ne, sai ki ware rigar aiki daban da tufafin sallarki.

Sai maganar garinku. Ruwan da ake ba ɓeran gwaji sau da yawa ya fi wanda mutane ke sha ƙarfin sinadari nesa ba kusa ba. Kada ki koma gida ki tsorata mutane su bar rijiyar burtsatse su koma kududdufi, a gudu daga tabon haƙori a faɗa wa amai da gudawa. Ki ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta a kai awo. In ya haura ƙa'ida, ki sanar da maigari da jami'an lafiya. Abin da gwajinki ya nuna kuma shi za ki rubuta, ko da bai zo yadda kika so ba.

Wallahu a'alam.