Za mu iya zuba wa wake Gamalin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Babanmu yana da ragowar Gamalin da ya daɗe a ajiye, yana so ya zuba wa waken da muka girbe saboda ƙwari. Na ce an hana shi, ya ce da shi suka saba tun da can. Ina gaskiyar magana?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Don Allah ka lallashi Baba kada ya zuba. Yana da gaskiya cewa maganin na kashe ƙwari, amma ba a kan ƙwari kaɗai ya tsaya ba.

Sinadarin da ke cikin Gamalin shi ne lindane, ɗan gidan su DDT, waɗanda ake haɗawa da kulorin. Ba ya saurin ruɓewa, kuma ya fi narkewa a mai fiye da ruwa, don haka wanke waken da dafa shi ba sa fitar da shi duka. In ya shiga jiki sai ya kwanta a kitse, har ya biyo nonon uwa zuwa ga jariri. In aka ci da yawa kuwa, ƙwaƙwalwa yake taɓawa: jiri, amai, karkarwa, sai jijjiga irin ta farfaɗiya, wani lokaci har a rasa rai. A 2008 ɗalibai mata sama da 100 suka kwanta asibiti a jihar Gombe bayan sun ci waken da aka samu wannan sinadari a ciki.

A 2009 aka sa shi cikin yarjejeniyar Stockholm ta hana irin waɗannan gubobi, a 2015 kuma cibiyar binciken ciwon daji (kansa) ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yana jawo ciwon daji. A Najeriya NAFDAC ta haramta shi.

Abin da ya fi damuna shi ne taimakon da ake yi wa wanda ya sha. Mun saba ɗura manja ko madara, alhali maiƙo ƙara tura wannan guba cikin jini yake yi. Kada a ba shi, kada a tilasta masa amai, a garzaya asibiti da gwangwanin a hannu.

Waken kuma a shanya shi ya bushe ƙarau, a zuba a buhun PICS mai ninki uku ko jarka mai murfi, a ɗaure gam. Rashin iska zai kashe ƙwarin. Ragowar Gamalin ɗin kada a zubar a rafi ko kusa da rijiya. A nesanta shi da yara, a nemi malamin gona ya faɗi inda za a kai shi.