Salak ɗin dankalina yana dagargajewa, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Maigidana da yara suna son salak ɗin dankalin turawa da jollof ranar Juma'a, amma kullum na haɗa sai ya dagargaje ya tsatso ruwa. Ran nan kuma na ajiye ragowar na rana muka ci da dare, autana ya kwana yana gudawa. Ki taimaka mini. Daga wata uwargida a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ƙara wa yaron lafiya.

In kin shiga kasuwar Kejetia, zaɓi dankali matsakaita masu tauri, girmansu ɗaya don su nuna tare. Wanda fatarsa ta yi kore ko ya fara tsiro, bar musu abinsu ko da sun yi miki ragi, wannan koren alamar guba ce.

Na fi zargin kina fere shi ki yayyanka kafin ki dafa. Da haka yake shan ruwa. Wanke shi ki zuba a tukunya da ɓawonsa, cikin ruwan sanyi da gishiri, sannan ki ɗora. In kin jefa shi a tafasasshen ruwa, bayansa zai lugwigwice cikinsa bai nuna ba. Bayan ya tafasa ki rage wuta, minti 15 zuwa 20 ki soka wuƙa. Ta shige ba gardama? Sauke ki tsane nan take. Ɓare shi da ɗuminsa, ki yanka kamar ƙwayar sukari, ki yayyafa ruwan lemun tsami ko binega cokali biyu. Da ɗumi yake tsotse tsamin har ciki, kuma ni a wurina nan daɗin yake.

Sai haƙuri. Kada mayonis ya taɓa shi sai ya huce sarai, zafi na tsinka mayonis ya koma mai. Kokwamba ki kankare 'ya'yan cikinta, tumatir kuwa ki ajiye shi gefe a faranti, su ne masu kawo miki ruwan nan. Ƙwai dafuwar minti 10 ta isa. Karas, lawashi da ɗan sardin in ana so. Ki juya a hankali daga ƙasa zuwa sama.

Maganar yaron ta fi damuna. Salak mai ƙwai da mayonis kada ya wuce awa 2 a waje, a zafin Fabrairu da Maris kuwa awa 1 kawai. Ki ɗebi wanda za a ci, sauran ya shiga firji a rufe, a cinye cikin kwana 3. In dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya wuce awa 4, zubar da shi, kada ki dogara da shinshinawa, don abincin da ya lalace ba lallai ya yi wari ba. Yaro mai gudawa ki riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS, in ta ƙi tsayawa ko kika ga jini ko zazzaɓi, ku tafi asibiti.