Hitar wurin ninkaya tana yoyo, ta mutu ke nan?

Tambaya: Salam Injiniya. Ni ke kula da wani gidan saukar baƙi a Rayfield, Jos. Hitar wurin ninkayarmu mai gas ce, kwanan nan kullum ƙarƙashinta a jiƙe yake, ga hunturu ya kama, baƙi ba sa taɓa ruwan sanyi. Oga ya ce in ta lalace a albashina zai cire. Don Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, kwantar da hankalinka tukuna, ba kowane ɗiga ne yoyo ba. Hita mai gas in ta fara ɗumama ruwa mai sanyi sosai takan yi gumi. Kashe ta, rufe gas, ka bar injin famfo yana aiki. In wurin ya bushe, gumi ne. Ko ka tsoma takardar gwajin kulorin a ruwan da ya ɗiga, in ta canza kala to ruwan ninkayar ne ke fita. Sai ka bi mahaɗar bututun shiga da na fita da busasshen tsumma, sau da yawa zoben roba ne ya tsufa ko makullin zubar da ruwa ya saki, gyaran ba tsada.

Amma ina yaranka suke zuba ƙwayar kulorin? Na san amsar, a kwandon tace shara na bakin ruwa, wai don ta narke da wuri. Wallahi wannan abu ya ishe ni, kusan duk inda aka kira ni shi nake tararwa, kuma har masu kiran kansu ƙwararru ke koyar da shi. Ƙwayar nan tsami gare ta sosai. An ɗauke wuta, famfo ya tsaya, ita tana nan tana narkewa a ɗan ruwan da ba ya motsi, ana dawo da wuta sai duk wannan tsamin ya wuce kai tsaye cikin hita, bututun cikinta kuwa jan ƙarfe ne, haka zai yi ta cinsa har ya huje. In ka buɗe ka ga kore-kore a jikin bututun, to aikinsa ne. Kulorin bayan hita ake saka shi, da bawul mai hana ruwa komawa baya, pH kuma, wato ma'aunin tsamin ruwan, ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8.

In bututun cikin hitar ya riga ya huje kada wani ya zo maka da gam ɗin Araldite, wuta ce ke ci a ƙarƙashin wurin. Canza shi ake yi, kuma gas ya zauna a rufe har mai gyara ya iso.