Tambaya da Amsa: Zan tafi Biyetnam, ta ina zan kama harshensu?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗan manomin shinkafa ne a fadamar Argungu. Na samu gurbin karatun noma a birnin Can Tho na Biyetnam, amma sai na fara da koyon harshe. An ce ko Turawa na shan wuya da shi. Ga mahaifiyata ta damu da zancen abinci da sallah. Me za ka ce mini?
Ɗalibi daga Argungu, Jihar Kebbi

AMSA: Ƙanena, Allah ya sanya albarka. Kada wahalar Bature ta firgita ka. Shi bai tashi da karin sauti ba, kai kuwa tun kana goye kunnenka ke rarrabe hawan murya da saukarta. Karinmu uku ne, nasu shida a Hanoi, babban birninsu da ke arewa, biyar a kudu. Rubutunsu boko ne mai haruffa 29, kuma ana yi wa karin alama a kan wasali ko ƙarƙashinsa, abin da mu ba ma yi. Harafinsu đ ɗan'uwan ɗ ɗinmu ne, b ɗinsu kuma kamar ɓ take fita. A ajinmu na koyon harshen, 'yan Faransa sun yi ta murɗa baki a kansu, ni ko gezau. Nahawunsu ma babu jam'i mai rikitarwa irin namu.

Inda za ka yi gumi shi ne ƙarshen kalma. Bahaushe bai cika barin kalma ta tsaya a kan p ko t ko k ba, sai ya liƙa mata wasali. Can kuwa rufe sautin ake yi ba tare da an saki iska ba. Ka ƙara wasali ɗaya, mai sayar da alayyafo ta zuba maka ido, sannan ta kira maƙwabciyarta su taru suna dariya. Ka bar su su yi, ka maimaita, su za su gyara maka kyauta.

Tunda Can Tho za ka, ita kuma a kudu take, nemi malami ɗan kudu. Yawancin littattafai lafazin Hanoi suke koyarwa, inda ake furta d kamar z, alhali a kudu y ce.

Kowa zai fara tambayarka shekarunka. Kada ka ɗauka shisshigi ne, so yake ya san ko anh zai kira ka, wato yaya, ko em, ƙane. Wannan kam tarbiyyar gida ta riga ta koya maka.

Damuwar inna tana kan hanya. Naman alade na shiga har cikin romo, don haka ka fi dogara da kifi da shagunan da aka rubuta "chay", masu abinci marar nama. Musulmin ƙabilar Cham na da masallatai a wajen Chau Doc, tafiyar kusan awa uku a mota daga Can Tho, a birnin Ho Chi Minh kuma akwai babban masallaci a titin Dong Du tun 1935. Agogonsu na gaban namu da awa shida, sai ka riƙa kiran inna bayan la'asar ɗinka, lokacin hantsi ne a Argungu.