Ku Tambaya Mu Amsa: Wai da gaske 'yan kaboyi ne suka ci yammacin Amurka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni dai tun ina yaro nake kallon finafinan kaboyi, kullum sai ka ga turawa kan dawaki suna ta ɓarin wuta da Indiyawan daji. Wai da gaske haka aka yi, su kaboyin ne suka ci yammacin Amurka da bindiga? Kuma ya aka yi ƙasar ta yi wannan uban girma? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Gaskiya fim ya cuce ka. Ɗan kaboyi bai ci ko taku ɗaya na ƙasa ba, yaron kiwo ne kawai da ake biya a wata, za mu zo kansa. Masu aikin na gaske su ne gwamnati da takardunta, sojoji, sai kamfanonin jirgin ƙasa.

Lokacin da Ingila ta sakar wa Amurkawa mara a 1783, iyakar Amurka ta yamma a kogin Misisipi ta tsaya. A 1803 Napoleon na Faransa ya shiga matsin kuɗi, ga yaƙi da Ingila na tafe, ga bayi da zazzaɓi sun gama masa da sojoji a Haiti, sai ya sayar wa shugaba Thomas Jefferson yankin Luwiziyana kan dala miliyan 15. Filin ya haura murabba'in kilomita miliyan 2, wato Najeriya biyu har da ɗoriya. Amma fa galibin wurin ko Faransawan ba su taɓa takawa ba, ƙabilu ne zaune da garuruwansu da farautarsu, kuma babu wanda ya tambaye su. Daga nan aka haɗe Teksas a 1845, aka raba Oregon da Ingila a 1846, aka gwabza da Meksiko daga 1846 zuwa 1848 aka ƙwace kusan rabin ƙasarta, har da Kalifoniya. Ka ji ikon Allah, kwana 9 kafin a sa hannu a yarjejeniyar kawo ƙarshen yaƙin da Meksiko, wani kafinta mai suna James Marshall ya tsinci zinare a Kalifoniyar yana cikin gina injin tsaga katako. Cikin 'yan shekaru mutum kusan 300,000 suka kwarara can.

Ita tafiyar masu ƙaura zuwa yamman kanta ba ta yi kama da fim ba ko kaɗan. A jihar Misuri ake taruwa, a jira sai ciyawa ta tsiro wajen Afrilu ko Mayu don dabbobi su samu abin ci a hanya, sannan a ɗaura shanu a amalanke mai rumfa a kama hanya, kuma mutane yawanci a ƙasa suke tafiya gefen amalanken don cikinsa cike yake da gari da kayan aiki, tafiyar sama da kilomita 3,000 wata huɗu zuwa shida, kuma dole ka ƙetare duwatsu kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Inda babu itace mata da yara su tsinto busasshen kashin ɓauna a yi girki da shi. In shanu suka gaji sai a fara zubar da kaya, ka ga murhun ƙarfe da akwatuna yashe a bakin hanya. Abin da ya fi kashe su kuwa kwalara ce, ba kibiya ba, wani da safe lafiyarsa ƙalau kafin dare an binne shi, wani lokaci ma a tsakiyar hanyar ake binnewa a bi ta kai da amalanke don kada namun daji su tone.

Sai 1862 shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar rabon fili, eka 160 (kusan hekta 65) ga duk wanda zai biya dala 18 na takarda, ya gina gida ya noma wurin shekara 5. Da yawa sun kasa, fari da fara da sanyi suka kore su. Layin dogo ya haɗe gabas da yamma ranar 10 ga Mayu 1869 a Yuta, leburori 'yan Sin ne suka fasa duwatsun ɓangaren yamma, tafiyar wata shida ta koma ta kamar mako guda.

To filin da ake ta rabon nan na waye? Nan ne fim ke yin shiru. Ƙabilar Cherokee suna da rubutunsu da jaridarsu, hukuncin kotun ƙoli na 1832 ma ya ba su gaskiya, amma duk da haka a 1838 sojoji suka tasa ƙeyar kusan 16,000 zuwa yamma, wajen 4,000 suka mutu. Ƙabilun filayen tsakiya kuma da yunwa aka karya su. Ɓauna ce abincinsu da suturarsu da rufin ɗakinsu, da can miliyoyi ne, aka yi ta harbe su don fata ana barin naman ya ruɓe, kafin 1890 ko dubu ɗaya ba su kai ba a daji. A ganina wannan ya fi duk wani yaƙi da aka yi da su tasiri.

Shi kuma kaboyin naka, zamaninsa bai fi shekara 20 ba. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1865 shanu sun yi arha a Teksas sun yi tsada a arewa, sai ana koro garke wata biyu ko uku zuwa tashoshin jirgi irin Abilene a Kansas. Aikin ƙura ne da gadin dare, kuma da yawansu baƙaƙen fata ne da 'yan Meksiko, ba irin fuskokin da ka saba gani ba. Abin da ya kashe sana'ar waya ce mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874. Manoma da masu manyan gonakin kiwo suka zagaye filaye da wuraren shan ruwa, burtali ya toshe, aka yi ta yanke waya da dare ana rigima. Kai da kake Gusau ba sai na yi maka dogon bayani kan abin da ke biyo bayan toshe burtali ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Su asalin mutanen Amurka da aka ƙwace wa ƙasa, suna nan kuwa har yanzu? An taɓa biyan su diyya? Daga wata malamar makaranta a Maraɗi.

AMSA: Barka kadai Malama. Suna nan, miliyoyi ma, gwamnatin tarayya ta amince da ƙabilu sama da 570, wasu na zaune a yankunan da aka keɓe musu, da yawa kuma a birane. Maganar diyya bari in ba ki labarin guda ɗaya. A 1868 gwamnati ta yi yarjejeniya da ƙabilun Sioux cewa duwatsun Black Hills nasu ne. A 1874 aka ga zinare a wurin, shi kenan alkawari ya bi ruwa. Sun yi yaƙi, a 1876 mayaƙansu ƙarƙashin Sitting Bull da Crazy Horse suka hallaka wani kwamandan sojan Amurka mai suna Custer da sojojinsa sama da 200 a Little Bighorn, amma shekara na zagayowa majalisa ta ƙwace duwatsun. Sai 1980 kotun ƙoli ta ce an zalunce su, a ba su sama da dala miliyan 100. Suka ce ba sa so, su ba su sa ƙasarsu a kasuwa ba. Kuɗin na nan ajiye a hannun gwamnati yana ta haihuwa har ya haura dala biliyan ɗaya, alhali wasu yankunansu irin Pine Ridge na cikin mafiya talauci a duk Amurka, kuma har yau sun ƙi karɓa.