Me ya sa kifin striped bass ba ya cin kotona?

Ɗan'uwa, ka ce kana zuwa fatsa bakin teku a jihar New Jersey ta Amurka da tsakar rana da tana a ƙugiya, kana komowa hannu rabbana. Lokacin ne matsalarka ta farko. Kifin nan mafarauci ne da ba ya son haske, ya fi kiwo da asuba, da almuru, da cikin dare. Sannan ka lura da ruwan, in teku na cikowa ko janyewa sai ya laɓe bayan duwatsu ko ƙafafun gada, yana jiran ruwa ya koro masa ƙananan kifaye. In ruwa ya tsaya cak, ka sha shayinka kawai.

Abincinsa kuwa, babu kamar wani kifi mai maiƙo da ake kira menhaden, masuntan can na ce masa bunker. Yanka shi gunduwa-gunduwa, kan ma kada ka yar, manyan na sonsa. Striped bass yana cin kaguwa da tsutsar teku, da dare kuma kifin nan mai siffar maciji, da ransa, ya fi komai a ganina. In ka hango tsuntsaye na faɗawa ruwa wuri guda, nufi can da gudu.

Bazara da kaka ne lokacinsa, sa'ad da yake ƙaura tsakanin mashigin tekun Chesapeake, da ke kudu da New Jersey, da arewa. Tun 2021 doka ta wajabta ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe ga mai sa irin wannan koto. Duba dokar tsawon kifi ta jiharka kafin ka kai shi gida.